Tallan Madarar Gwangwani da Nonon Uwa

Malama, kin tambaya ko madarar gwangwani ta kai nonon uwa, kamar yadda talla ke nunawa. Ba ta kai ba. Mai talla yakan haska jariri mai kumatu yana dariya, amma ba ya nuna uwar da ke dama madarar da gurɓataccen ruwa, ko take tsinka ta don gwangwanin ya daɗe, har gudawa ta kama yaron. Shi ya sa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana tallata ta ga jama'a, kuma take ba da shawarar nono zalla na wata 6. Sai dai uwar da lalura ta hana shayarwa ba abar zargi ba ce, ko da yake wasu shirye-shiryen wayar da kai sukan mance da ita.