Ƙaramin kayak na tafki da kogi: amsoshin tambayoyinku

Malam, ina so in sayi kayak, ɗan kwalekwalen nan na mutum ɗaya, don shawagi a tafki ranakun hutu. Nauyina kilo 95 ne. Wanda na gani tsawonsa mita 3, an rubuta yana ɗaukar kilo 115. Zai ishe ni?

Ɗan'uwa, ɗauka kam zai ɗauke ka, amma ba za ka ji daɗinsa ba. Lambar da kamfani ke bugawa iyakar abin da jirgin zai jure ce, ba nauyin da zai yi tafiya mai kyau da shi ba. Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa wuce kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na lambar, kuma lissafin ya haɗa da kai, da filafili, da ruwan sha, da jakarka. Ka nemi mai ɗaukar kilo 140 ko fiye. In ka cika shi maƙil, gindinsa zai lume, ruwa ya riƙa lasar bakinsa, kowane tuƙi ya zama kamar jan buhu.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba: wa zai ɗaga maka shi? Kayak ɗin roba mai mita 3 yakan kai kilo 18 zuwa 22, kuma ba shi da wurin kamawa mai daɗi. Na farko da na mallaka ya fi haka tsawo da nauyi. A ruwa ba shi da laifi, amma ɗora shi kan mota sai na nemi mataimaki, har ya koma ya fi kwana a jingine da bango. Saboda haka kafin ka biya, saɓa shi a kafaɗa ka yi taku ashirin. Sannan ka zauna ciki minti goma, ka ga ko tafin ƙafarka ya sami matoki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, bayanka kuma bai fara ƙorafi ba.

Na sayi nawa wata biyu da suka wuce. Duk tuƙin da na yi sai kansa ya karkata, dama, hagu, dama. An sayar mini da mai aibi ne?

Hajiya, lafiyarsa ƙalau, halin gajeren jirgi ke nan. An yi shi gajere da faɗi don kada ya kife da sauƙi, ya kuma juya a ƙaramin wuri, abin da aka rasa shi ne tafiya ɗoɗar. Rabin gyaran yana hannunki. Ki tsoma filafili kusa da yatsun ƙafarki, ki ja shi dab da jikin jirgin, ki zare shi da ya iso ƙugunki. In ya wuce ƙugu, juya jirgin kike yi, ba tura shi ba. Ki bar gangar jikinki ta yi aikin, ba damtse kaɗai ba. Ki duba tsawon filafilin ma: jirgi mai faɗin santimita 75 yana son mai santimita 230 ko kusa da haka.

Wanne ya fi ga sabon shiga a kogi mai tafiya a hankali: wanda ake shiga ciki, ko wanda ake zama a kansa?

Tambayi kanka abin da zai faru ranar da ya kife, don ranar tana zuwa. Wanda ake zama a kansa rufaffe ne ruf, yana da 'yan ramuka da ruwa ke zurarewa ta ƙasa. Ya kife, ka birkice shi, ka hau abinka. Aibinsa wandonka ba ya rabuwa da jiƙa, kuma yakan ɗan fi nauyi. Wanda ake shiga ciki yana kare ƙafa daga iska da feshin ruwa, sai dai da yawa daga cikin masu arha ba su da ɗakin iska, wato rufaffen wurin da ruwa ba ya shiga, a gaba ko baya. In ruwa ya cika shi, ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Na taɓa jan irinsa zuwa gaɓa, ruwan bai fi ƙirjina ba, amma sai da na zauna ina haki kafin in iya kwashe shi. In shi ka zaɓa, ka cusa jakunkunan iska a ƙuryoyinsa biyu, kuma kada ka yi nesa da gaɓa fiye da inda za ka iya iyo. Ni dai wanda ake zama a kansa nake zaɓa wa sabon shiga, muddin ruwan ba mai tsananin sanyi ba ne.

Game da kogin, kada lafawarsa ta ruɗe ka. Fara da tuƙi sama, ka tunkari ruwa da sauran ƙarfinka, in ka gaji ya dawo da kai. Ka kauce wa itacen da ya faɗa ruwa, domin ruwa yana wucewa ta cikin rassan, mutum ba ya wucewa. Ƙaramar madatsa kuwa, ko tsayinta bai kai mita ɗaya ba, ruwan ƙasanta juyawa yake yana mayar da duk abin da ya faɗa. Fito gaɓa ka zagaye ta da ƙafa. Rigar ceto a jikinka take, a ɗaure, ba a bayan kujera ba.

Ƙasan nawa ya loɓa bayan na bar shi a kan siminti. Ya mutu ke nan?

Bai mutu ba. Robar tana laushi da zafi. Kifa shi a rana na 'yan sa'o'i, ko ka zuba ruwan zafi ta ciki ka danna wurin, sau da yawa yakan koma daidai. Daga nan ka ajiye shi a inuwa, a kife ko a gefensa, bisa faffaɗan ɗamara biyu, kuma in ka ɗaure shi a mota kada ka tsuke igiya har robar ta lotsa.