Makullin da aka turo maka ta imel, na wane ne?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan waya a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Abokin hulɗata na Maraɗi ya ce mu riƙa kulle imel ɗin da muke aika lambar asusu a ciki. Shi PGP yake so, wani kuma ya ce min S/MIME ya fi. Har ya turo min makullinsa ta imel. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, duka biyun aikinsu ɗaya. Kowa yana da makulli biyu. Na fili kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne da kake raba wa mutane su datse maka saƙo, na sirri kuwa, wanda ke buɗe saƙon, yana hannunka kai kaɗai. Inda suka rabu shi ne wa zai shaida cewa kwaɗon naka ne. A S/MIME wani kamfani ne ke ba da takardar shaida, shi ya sa ma'aikatu suka fi son sa. A PGP, wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, mutane ne ke shaidar juna. Masu PGP ma kansu bai haɗu ba: an fitar da sabon ma'auni a 2024, masu GnuPG, ɗaya daga cikin manhajojin PGP, suka kama tasu hanyar. Ku biyu ne kawai, PGP ya wadatar, kuma yana cikin manhajar imel ta Thunderbird tun 2020.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganarka ta ƙarshe. Idan ɗan damfara ya riga ya shiga akwatin abokinka, nasa kwaɗon zai turo maka da sunan abokin. Ka datse saƙo da hannunka, shi ya buɗe.

Don haka kada ka fara amfani da makullin nan sai kun gwada abin da ake kira zanen yatsan makullin. Jeri ne na lambobi da haruffa, yawanci 40, sabon samfuri 64. Ka kira abokin naka a lambar da ka saba kiransa, ba wadda ke cikin imel ɗin ba. Ya karanto huɗu-huɗu, kana bi da yatsa a kan allo har ƙarshe. Kada ku tsaya kan takwas ɗin ƙarshe, tun 2014 masu bincike suka nuna ana iya ƙirƙiro makullin bogi mai irin su. In zai shigo ta Jibiya kwanan nan, ku zauna a shago ku gwada ido da ido, ya fi.

Kuma kada ka rubuta lambar asusu a kan taken saƙo, sau da yawa shi ba ya kulluwa.