Kula da masu jinyar yara ta hanyar wasa: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce an ɗora miki shugabancin ma'aikata uku masu jinyar yara ta hanyar wasa, kina son sanin ko aikin na tafiya daidai tunda ba kya shiga ɗakin, ga kuma ɗayarsu ta fara yawan ciwon kai da neman hutu. Na daɗe a wannan aiki a nan Jos, ga abin da na gani.

Shekarun farko rahoto na dogara da shi, kuma na yi kuskure. "Yaro ya yi wasa da yashi, ya natsu." Me wannan ya gaya miki? Abin da ya kamata ki bibiya shi ne abin da ke faruwa a zuciyar ma'aikaciyar yayin da yaron ke wasan. Mu da tsawa aka raine mu. Yaro ya ɗauki kara ya mai da shi bindiga ya nuna wa 'yar tsana, kafin ki ankara baki ya riga ya ce "kai, bari, ba kyau". Alhali tsarin jinya ta hanyar wasa da masaniyar halayyar ɗan Adam Virginia Axline ta shimfiɗa a Amurka a 1947 ya tsaya ne a kan yaro ya ja gaba, babba ya bi shi, yana faɗa masa abin da ya lura yana ji, ba tare da gyara ko gaggawa ba. Riƙe bakin nan shi ya fi komai wuya, kuma mutum ba ya iya koyonsa shi kaɗai.

Akwai wata da na taɓa kula da aikinta. An kawo mata yaro ɗan shekara bakwai da iyayensa suka baro ƙauyensu bayan an kai hari. Duk zuwansa sai ya gina gidaje da laka, ya rushe, ya binne 'yan tsana a cikin yashi. A mako na uku sai na ga rahotonta ya koma maganar zane. Ashe da ya doshi yashin take miƙa masa takarda da fensir mai kala. Ban yi mata faɗa ba. Na tambaye ta me take ji a jikinta idan ya fara binnewa. Ta daɗe shiru, sannan ta ba ni labarin abin da ta gani a unguwarsu a rikicin Nuwamban 2008. Duk wanda ya zauna garin nan a 2001 ko 2008 ko 2010 yana da nasa abin da ya binne, kuma hannun yaro kan tono shi. Bayan mun yi maganar ta iya zama kusa da yaron tana cewa, "ka rufe su duka, ba a ganin ko ɗaya." Shi da kansa, bayan makonni, ya fara tono su yana wanke musu jiki.

Don haka ki ware wa kowaccensu awa ɗaya a mako, rana tsayayya, ƙofa a rufe, waya a ajiye. Kada zancen makara ko albashi ya shigo wannan zaman, domin wadda ke tsoron takardar gargaɗi ba za ta ce miki "na rasa yadda zan yi" ba. Tunda ba kya ganin zaman, ku sake yin sa: ita ta zama yaron, ke ki zama ita, ku zauna a tabarma da kayan wasan. A nan ne muke gwada yadda ake sa iyaka ta matakai ukun Garry Landreth, wani masanin wannan fanni, wato a ambaci abin da yaron ke ji, a faɗi iyakar, a nuna masa madadi: "ka ji haushina, amma ni ba ta duka ba ce, ga matashin kai nan ka doka." Ɗaukar murya ko bidiyo sai da yardar iyaye, kuma a goge bayan an saurara.

Abu ɗaya ba ya jiran mako. In yaro ya faɗi ko ya nuna alamar ana cin zarafinsa, ranar za a sanar da ke, a bi hanyar da dokar kare haƙƙin yara ta tanada. Amma ki hana su yanke hukunci daga wasa guda. Ki kuma taya su magana da iyaye, don uban da ya biya kuɗin keke daga Bukuru yana da haƙƙin a yi masa bayani idan ya ce "wai wasa kawai kuke yi?"

Ita kuwa mai ciwon kan, ki duba jadawalinta tun yau. Sau da yawa wadda ta fi haƙuri ita ake tura wa duk yaran da labarinsu ya fi nauyi, a jere, ba ko minti goma na shan iska. Ki rage mata, ki tambaye ta barcinta. Ke ba likitarta ba ce, in abin ya yi zurfi ki taimaka ta ga masana a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, cikin sirri. Ke ma ki nemi wata babba a aikin da za ki riƙa zama da ita ko sau ɗaya a wata, don labaran ukun nan duk a kanki za su taru. Allah ya taya ki riƙo.