Amsa ga ƙanena na Damagaram game da zama a kampin a Faransa

Ƙanena, na ga saƙonka, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatu a Montpellier, birnin da ke kudancin Faransa. Ka ce ka ga tallar wani kampin, wato filin saukar masu yawon hutu, a intanet inda kuɗin wata bai kai na ɗaki a cikin gari ba, kana tambaya ko za ka iya mai da shi masaukinka har ka gama karatu. Shawarata ita ce ka ɗauke shi wurin yada zango kawai, kamar yadda fatake suke sauka a Zango a da, su huta kafin su shiga Birni.

Faransa tana da irin waɗannan wurare sama da 7,000, fiye da kowace ƙasa a Turai, kuma sun bunƙasa ne bayan 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun shekara tare da albashi. Fili ne da aka kewaye, galibi a bakin teku ko gefen kogi, aka yanka shi fuloti-fuloti. Wani ya kafa tantinsa, wani ya zo da motar da ake kwana a cikinta, wani kuma ya kama hayar ɗan gidan da suke kira mobil-om, mai ɗaki biyu ko uku da ƙaramin madafi. Ana ba wuraren kampin taurari daga 1 zuwa 5 gwargwadon ingancinsu, kuma waɗanda suke hannun hukumar magajin gari sun fi sauƙin kuɗi.

Farashin da ka gani na lokacin da babu baƙi ne. Da yawa daga cikinsu suna buɗewa ne daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, sannan su rufe ƙofa, waɗanda kuma suke karɓar ɗalibai a lokacin sanyi sukan nemi a ba su wurinsu kafin Yuli, domin a Yuli da Agusta kuɗin mako guda yana iya wuce abin da ka biya a wata. Bangon mobil-om siriri ne ƙwarai. Na taɓa kai wa wani ɗan ƙasarmu ziyara a cikin Janairu, na tarar raɓa tana tsiyaya daga gilashin taga, shi kuwa yana zaune da rigar sanyi biyu domin yana tsoron kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda kuɗin wuta. Wanda yake cikin tanti kuwa, ko alwalar asuba sai ya ratsa fili da butarsa zuwa ban-ɗakin da kowa yake amfani da shi. Ga kuma nisa daga jami'a, kuma motocin haya suna raguwa da zarar masu hutu sun watse.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne takardu. Dokar yawon buɗe ido ta Faransa ta tanadi kampin ne domin baƙin da ba su mai da shi mazauninsu na dindindin ba, alhali kai kana bukatar tabbataccen adireshi wajen buɗe asusun banki da sabunta takardar zama. Dama can batun biza ya yi wuya tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, don haka bai kamata ka ƙara wa takardunka rauni ba.

Ka fara neman ɗaki a gidajen ɗalibai na CROUS, wato hukumar gwamnati mai kula da masaukin ɗalibai, tun yanzu, ka kuma tuntuɓi ƴan Nijar da suke garin ko akwai mai neman abokin haya. Idan ka sauka a Satumba ba ka samu ba, babu laifi ka yi mako biyu ko uku a kampin, amma kafin ka tura ko dala, ka sa su rubuta maka ranar da suke rufewa, da kuɗin ajiyar da za su riƙe, da kuma ko wuta tana cikin farashin. Ka gaida mini su Baba da mutanen gida.