Kun Tambaya, Mun Amsa: Bonnie Raitt da Kukan Wuyan Kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun zamanin kaset nake sauraron Bonnie Raitt, mawaƙiyar buluz ta Amurka, har yau kuma ban ji jitar da ke kuka kamar tata ba. Sautin ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri, sulalewa yake yi. Me take yi wa jitar? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka ya ji daidai. Wuyan kwalba take zura wa yatsanta na tsakiya na hannun hagu, ta riƙa goga shi a kan tsirkiya maimakon ta danne ta. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka jera a kwance. Mai danna tsirkiya da yatsa dole ya tsaya inda ƙarafan suka yanke masa, ita kuwa kwalba tana ratsa duk abin da ke tsakaninsu. Wanda ya saba da goge zai gane abin nan take, don shi ma goge ba shi da waɗannan ƙarafa, shi ya sa yake iya bin muryar mutum.

Salon ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Na baƙaƙen fatan yankin Misisipi a Amurka ne, kuma ta zauna da tsofaffinsa tun tana budurwa, musamman Fred McDowell, wanda ya rasu a 1972. Abin da ya zama nata shi ne haƙuri. Ba ta dira a kan sauti kai tsaye. Daga ƙasa take tasowa a hankali, sai ta isa, ta ɗan tsaya, sannan ta fara girgiza kwalbar. Yawancin masu koyo da girgizar suke farawa, shi ya sa nasu yake fita kamar rawar sanyi. Ka kuma lura da yadda take barin fili: murya ta faɗi baiti, jita ta amsa da sauti uku ko huɗu, ta yi shiru. Wannan kamewa ta fi saurin yatsa wuyar samu.

Tambaya: Na samo kwalbar na gwada a jitata ta lantarki, amma ƙarar ƙarfe da ƙaiƙayi kawai nake ji. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da saitin tsirkiyoyi. Jita ta saba zama E, A, D, G, B, E (haruffan sunayen sautuka ne), daga mai kauri, wato ta shida, zuwa siririya, wato ta ɗaya. Bonnie ta fi amfani da buɗaɗɗen saitin A, wato E, A, E, A, C#, E, wanda in kin kaɗa duka shida ba tare da taɓa komai ba sun riga sun dace da juna. Ana samunsa ta ƙara ɗaure ta huɗu da ta uku da ta biyu, amma wannan yana ƙara wa wuyan jita nauyi, kuma ta ukun tana yawan tsinkewa. Hanya mafi aminci ita ce ki sassauta ta shida da ta biyar da ta ɗaya su koma D, G, D, G, B, D, sannan ki ɗaura maƙalin nan da ake kira kafo a gida na biyu, wato tsakanin ƙarfe na ɗaya da na biyu. Kin sami A ke nan ba tare da asarar tsirkiya ba.

Ƙarar ƙarfen kuwa daga dannawa take zuwa. Kwalba ɗora ta ake yi, ba a nutsa ta. Da zarar tsirkiya ta taɓa ƙarafan wuya, ƙara ta tashi. In tsirkiyoyinki sirara ne masu lamba 9, ko nauyin kwalbar kaɗai ya isa ya kai su ƙasa. Ki sauya zuwa lamba 12 ko 13, ki sa mai gyara ya ɗaga su har tazararsu da ƙarfe na 12 ta kai kimanin milimita biyu da rabi, ya kuma duba lanƙwasar wuyan, tunda kaurin ya canja.

Kuskure na gaba shi ne wurin tsayawa. Da yatsa, bayan ƙarfe ake dannawa. Da kwalba, daidai kan ƙarfen ake tsayawa, kuma ta miƙe sambal da shi. In kin tsaya a baya, sautin zai gaza kaiwa. In ta karkace, wasu tsirkiyoyin su dace wasu su kauce. Ba tare da kafo ba, wuraren da za ki fara haddacewa su ne buɗe, ƙarfe na 5, na 7 da na 12. Da kafo a gida na biyu, sai ki ƙara biyu a kan kowanne.

Ƙaiƙayin kuma na ɓangaren tsirkiyar da ke bayan kwalba ne, don shi ma yana kaɗawa. Ki kwantar da manuniya a kansa a hankali tana bin kwalbar duk inda ta je, yatsun hannun dama kuma su riƙa kashe tsirkiyoyin da ba a buƙata. In kwalbar yankakkiya ce daga ta lemo, ki goge bakinta da samfefa cikin ruwa har ya daina kaifi, ki kuma zaɓi wadda ba ta da kabu mai tudu a jiki. Gilashi ya fi tagulla taushin sauti, kuma shi ne zai kai ki kusa da nata.

Tambaya: Me ya sa ba a san ta sosai ba sai da ta manyanta? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, masu kiɗa sun san ta tun faifanta na farko a 1971. Kasuwa ce ta yi jinkiri, har kamfanin faifai na Warner ya sallame ta a 1983. Faifanta na goma, Nick of Time, wanda ya fito a 1989, shi ya buɗe ƙofar: a 1990 ta karɓi kyautar Grammy huɗu a dare ɗaya, tana da shekara 40. A 2023, tana da 73, ta lashe kyautar Grammy ta waƙar shekara da waƙar da ita ta rubuta. Abin da ya ƙara mata daraja a wurinmu shi ne ba ta ɓoye malamanta ba. Ta riƙa hawa dandali da tsohuwar mawaƙiya Sippie Wallace, ta kuma yi fafutukar ganin an biya tsofaffin mawaƙa baƙaƙen fata haƙƙoƙinsu. Kunnenta ya kai har Afirka: a faifanta na 2002 ta yi aiki da Habib Koité na Mali, ta kuma rera waƙar Oliver Mtukudzi na Zimbabuwe. In da faifan 1989 ka fara saninta, ka koma ka nemi na 1972, Give It Up, ka ji ta tana da shekara 22.