Hukuncin zuwa kallon bikin wankan kogi na mabiya Hindu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Pune na ƙasar Indiya. Abokan karatuna mabiya addinin Hindu sun gayyace ni Nashik a 2027, lokacin bikinsu na Kumbh Mela da ake wanka a kogi. Ni dai buɗe ido zai kai ni, in ta kama in ɗan tsoma jikina a ruwan don kada su ga na ware. Ai kogi kogi ne, ko Malam?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya ba da sa'ar karatu, ɗana.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Kumbh na nufin tulu. A aƙidarsu, allolinsu sun yi kokawa da aljanu a kan wani tulu mai ruwan dawwama, sai ruwan ya ɗiga a wurare huɗu: Prayagraj da a da ake kira Allahabad, da Haridwar, da Ujjain, da Nashik ɗin da aka gayyace ka, a bakin kogin Godavari. Kowane gari yana karɓar babban bikin kusan duk shekara 12, ranakun kuma da lissafin matsayin rana da wata da tauraron Mushtari ake tsayar da su. Wanda ya yi wanka a ranakun, a imaninsu, zunubansa sun wanke, ya kuma kama hanyar kuɓuta daga maimaita haihuwa bayan mutuwa. To ka ga wankan shi ne ibadar kanta, kamar yadda ɗawafi yake a wurinmu.

Maganarka cewa kogi kogi ne gaskiya ce. Ruwan Godavari halittar Allah ne, ko alwala ka yi da shi ta yi matuƙar bai canja da najasa ba. Amma wuri da lokaci suna canja hukuncin aiki. Abu Dawud ya ruwaito daga Sabit bin Dahhak cewa wani mutum ya yi bakance zai soke raƙumi a wani wuri mai suna Buwana. Annabi (SAW) bai ce masa je ka ba sai da ya tambaya ko akwai wani gunki na jahiliyya da ake bauta wa a can, ko ana yin wani idi nasu a wurin. Da aka ce babu, sannan ya ce ya cika bakancensa. Yanka ne fa domin Allah, kuma gumakan sun riga sun kau, duk da haka aka bincika. Ina ga wanka a tsakiyar masu wankan, a ranar da suka keɓe?

Don haka wanda ya shiga ruwan yana ƙudurce cewa yana kankare zunubi ko yana da wata albarka ta daban, ya yi shirka, sai tuba. Wanda ya shiga don kara kawai, kamar yadda kake nufi, ba mu kafirta shi, amma ya aikata haramun, domin ya yi kama da su a abin da yake alamar bautarsu. Kai kuwa kana da naka kogin. A hadisin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya misalta salloli biyar da kogi a ƙofar gidan mutum, yana wanka a ciki sau biyar kullum, da su Allah ke shafe kurakurai.

Saura kallo zalla. Shi ma abin da ya fi rinjaye a wurina hani ne. A Suratul Furƙan, aya ta 72, Allah Ya yabi bayinSa da cewa ba su halartar zur, kuma magabata irin su Mujahid da Dahhak sun fassara shi da bukukuwan mushirikai. An ruwaito Sayyidina Umar ya hana shiga wuraren bautarsu ranar idinsu, don fushin Allah yana sauka a kansu. A mazhabarmu, Ibnul Ƙasim ya karhanta ko shiga jirgin ruwan da Nasara ke hawa zuwa idinsu. Ga kuma tsiraici, domin akwai wani rukuni na masu zuhudunsu da ke fitowa zigidir, jiki shafe da toka. Kada kiɗa da launukan da muka saba gani a finafinan Indiya su sa ka ɗauka hawan sallah za ka je kallo.

Ranka ma amana ne. A bikin Prayagraj na 2025, wanda ya ɗauki kwana 45, turmutsutsun ranar 29 ga Janairu ya kashe aƙalla mutum 30 a ƙidayar hukuma.

Ban ce an haramta maka Nashik ba. Ka je a wani lokacin, ka ga gari, ka ga kogi. Likita ko ma'aikacin ceto ko ɗan jarida da aiki ya kai shi, babu laifi gwargwadon buƙata, muddin bai shiga ibadar ba. Imam Ahmad ma ya yi sauƙi ga mai zuwa kasuwar da ke ci lokacin idinsu idan bai shiga wurin bauta ba. Bayan turmutsutsun can, Musulmin Prayagraj sun buɗe masallatai ga mahalartan da suka rasa makwanci, suka ba su ruwa da abinci. Wannan kyautatawa ce da aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta.

Abokanka kuwa, ka gode musu da gayyata, ka ce addininka bai ba ka damar halartar ibadar wani addini ba. Kada ka yi wa abin bautarsu izgili, Suratul An'am aya ta 108 ta hana zaginsa. In ƙaramar sallah ta zo, ka kira su cin abinci, ka kula kada ka sa musu naman shanu.

Wallahu a'alam.