Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ekstenshan Yake Ƙin Hawa Kan Burauza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa, ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu wadda na saya shekarun baya, tana ɗauke da Windows 7. Na daɗe ina aiki da burauzar Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, lafiya lau, amma a 'yan kwanakin nan duk ekstenshan ɗin (wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauza) da na nema a kantin Chrome Web Store, musamman na toshe tallace-tallacen da suke cinye mini data, sai in tarar maɓallin sakawa ya dushe, ko a rubuta cewa bai dace da burauzata ba. Na koma kan Firefox ɗin da na tarar a kwamfutar tun ranar da na saye ta, ita kuma ta ce fayil ɗin ya lalace. Mai gyara ya zuba mini wani fayil mai ƙarewa da .crx a filashi, ya ce in jawo shi cikin Chrome, nan ma aka rubuta mini "CRX_REQUIRED_PROOF_MISSING". Shin bairos ne ya shiga kwamfutar, ko kuwa ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga alamun da ka lissafa, ina ganin shekaru ne suka cim ma kwamfutarka, kuma saƙonni ukun nan da ka gani kowanne da dalilinsa daban, saboda haka ya kyautu mu bi su ɗaya bayan ɗaya maimakon mu ɗora wa bairos laifin duka.

Mu fara da Chrome. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, amma Google ya ci gaba da sabunta Chrome a kanta har zuwa farkon 2023, inda ya tsaya a Chrome 109, kuma daga 110 zuwa sama sai mai Windows 10 ko wadda ta fi ta. Idan ka rubuta chrome://version a wurin da ake rubuta adireshin shafi, ina da yaƙinin 109 za ka gani a layin farko, ko ma ƙasa da haka. Kowane ekstenshan yana ɗauke da wani ɗan fayil mai suna manifest.json, wanda a cikinsa mai manhajar yake iya rubuta mafi ƙarancin lambar Chrome da aikinsa zai yi a kanta, kuma idan lambar burauzarka ba ta kai wannan ba, kantin ba zai bari a saka ba komai yawan dannawa. Wannan shi ne maɓallin da ka ga ya dushe.

Masu toshe talla kuma suna da nasu ƙarin labarin. Google ya sauya tsarin gina ekstenshan daga wanda ake kira Manifest V2 zuwa Manifest V3, wanda ya fara aiki a Chrome 88 a Janairun 2021. A Janairun 2022 kantin ya daina karɓar sababbin ekstenshan na tsohon tsari, sannan daga Yunin 2024 aka fara kashe waɗanda suke kan burauzar mutane a hankali. Fitaccen mai toshe talla uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya rubuta, a kan tsohon tsarin ya dogara, shi ya sa mai shi ya fitar da uBlock Origin Lite domin sabon tsarin, duk da cewa bai kai na asalin ƙarfi ba. Mai Windows 7 ya faɗa tsakani: tsofaffin suna ɓacewa daga kanti, sababbin kuma da yawansu suna neman Chrome da ta fi tasa, ya zama ba tsuntsu ba tarko.

Maganar Firefox ta fi daɗin ji, domin a nan mafitarka take. Tun daga Firefox 48 a 2016, burauzar ba ta karɓar ekstenshan sai wanda Mozilla ta sa masa hannu, kuma wannan sa hannun yana tsaye ne a kan wata takardar shaida ta cikin manhaja wadda take da ranar ƙarewa. Idan Firefox ta kasa tabbatar da sa hannun, sau da yawa abin da take rubutawa shi ne fayil ɗin ya lalace, alhali kuwa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. A farkon Mayun 2019 irin wannan takarda ta ƙare ba a sabunta ta a kan lokaci ba, masu Firefox a duniya suka wayi gari ekstenshan ɗinsu sun daina aiki, sai da Mozilla ta fitar da gyara cikin gaggawa. Ranar 14 ga Maris 2025 kuma babbar takardar ta asali ta ƙare, amma a wannan karon an sanar tun da wuri cewa duk wanda bai kai Firefox 128 ba, ko Firefox ESR 115.13 (ESR nau'in Firefox ne mai dogon wa'adin kulawa) ga masu tsofaffin kwamfutoci, ekstenshan za su daina masa aiki. Firefox ɗin da ta zo da kwamfutarka, idan ba a taɓa sabunta ta ba, babu shakka ta faɗa cikin wannan rukuni. Ka shiga shafin Mozilla na hukuma ka sauke Firefox ESR 115, wadda ita ce ta ƙarshe da take hawa kan Windows 7, ka bar ta ta sabunta kanta zuwa ƙarshen abin da ya fito, sannan ka nemi uBlock Origin a addons.mozilla.org. Cikakken na asalin za ka samu, domin Mozilla ba ta rufe tsohon tsarin ba.

Kafin ka yi wannan, ka dubi agogon da yake ƙasan allo ta hannun dama. Da a ce ya kauce da shekaru, da wuya shafin kantin ma ya buɗe maka, don haka ba na zaton shi ne babbar matsalarka, amma kwamfutocin da aka saya na hannu sun cika wannan larura. A jikin babban allon da yake cikin kwamfuta (motherboard) akwai ɗan batir mai kama da kwabo, a kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, a ta tafi-da-gidanka kuma sau da yawa yana naɗe cikin roba da 'yar waya a ƙarƙashin madannai. Idan ya mutu, duk lokacin da babban batir ya ƙare ko aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, burauza kuma ta riƙa ganin takardun shaida kamar lokacinsu bai zo ba. A gyara kwanan wata, a zaɓi lokacin yankinmu mai UTC+01:00, a sauya batirin. Wasu masu gyara sukan mayar da agogo baya da gangan domin manhajar gwaji kada wa'adinta ya cika, kuma wannan dabara ita kanta takan haifar da irin wannan ciwon kai. Haka nan idan saƙon da ya fito "Download interrupted" ne, to ba ya wuce sabis ya yanke, ko data ta ƙare, ko VPN, manhajar da take karkatar da hanyar intanet, ya tsoma baki, ko ma'ajiyar kwamfuta ta cika.

Sai fayil ɗin filashi, kuma a nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka. Tun 2014 Chrome a kan Windows ta daina karɓar ekstenshan daga wajen kantinta ga talakawan masu amfani, a 2018 kuma aka rufe hanyar da shafuka suke bi su saka wa mutum ekstenshan kai tsaye daga cikinsu, duk saboda yawan waɗanda ake cuta ta wannan ƙofa. Saƙon da ka gani yana nufin fayil ɗin ba ya ɗauke da sa hannun kantin. Na san abin da mai gyaran zai ce idan ka koma: a buɗe chrome://extensions, a kunna "Developer mode", a kwance fayil ɗin, a loda shi ta "Load unpacked". Hanyar tana aiki, amma an yi ta ne domin masu rubuta manhaja su gwada abin da suka rubuta da hannunsu. Mai toshe talla ba zai yi aikinsa ba sai an ba shi izinin karantawa da sauya abin da yake kowane shafin da ka buɗe, ma'ana yana iya ganin abin da ka rubuta a shafin banki da imel da shafin da kake shigar da makin ɗalibai. Ba ka san wanda ya taɓa wannan fayil ba kafin ya iso filashin, shi ma mai gyaran mai yiwuwa a wani shafi ya tsince shi, kuma ekstenshan da aka loda ta wannan hanya ba ya sabunta kansa. Shawarata ita ce ka goge shi. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi masu neman ekstenshan ɗin Internet Download Manager, manhajar sauke fayiloli wadda mutanenmu suke yawan so: masu manhajar da kansu sun gargaɗi jama'a cewa akwai na bogi masu kama da sunansa a kantin, saboda haka daga shafinsu ya kamata a bi hanyar zuwa na gaskiyar.

Firefox ESR 115 za ta riƙe ka na ɗan lokaci ne kawai, domin Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adi amma ba har abada ba, Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Idan ba a shirya sayen wata kwamfutar ba, Linux Mint, wadda ake sakawa a madadin Windows, tana tafiya daidai gwargwado a tsofaffin na'urori kuma tana karɓar sabuwar Firefox. Kafin nan, harkar banki ka bar ta a wayarka.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da cike fom a Zariya. Na sayo kwamfuta ta hannu mai Windows 10, amma duk ekstenshan ɗin da na danna sai a ce mai gudanarwa ya hana, kuma a ƙasan jerin zaɓin Chrome an rubuta "Managed by your organization". Ni ce mai kwamfutar, ba ni da wata ƙungiya. Yarona ya cire Chrome ya sake sakawa, babu abin da ya sauya.

Amsa: Hajiya, cirewa da sake sakawa ba zai yi magani ba, domin dokar da take hana ki ba a cikin Chrome aka ajiye ta ba, tana cikin rajistar Windows ne, wato inda Windows take ajiye saitunanta, kuma duk sabuwar Chrome da aka saka can za ta je ta karanto ta. Ki sa yaron ya rubuta chrome://policy, zai ga jerin dokokin da aka ɗora. Idan akwai ExtensionInstallBlocklist da alamar tauraro a gabanta, to an haramta dukkan ekstenshan ne, kuma wannan aikin ofisoshi da makarantu ne. Kwamfutocin da ake sayarwa na hannu da yawa daga irin waɗannan wurare suke fitowa, wani lokaci ma da lambar kadara liƙe a bayansu, kuma ba kowane mai sayarwa ne yake wanke su ba. Idan kuwa ExtensionInstallForcelist aka gani, ga kuma wani ekstenshan da ba ku sani ba wanda babu maɓallin cire shi, sannan shafin bincike yana sauyawa da kansa, to na fi zargin muguwar manhaja, domin ita ma da wannan hanya take kafa kanta. Wasu manhajojin kashe bairos su ma sukan sa wannan rubutu ya bayyana, amma su ba kasafai suke hana saka ekstenshan gaba ɗaya ba.

Ana iya goge dokokin a rajista, a ƙarƙashin Policies, sai Google, sai Chrome, amma a shago irin naki inda ake shigar da lambobin NIN da bayanan jarrabawar 'ya'yan mutane, ban ga hikimar gyaran rabi da rabi ba. A kwashe takardunki a ajiye, a wanke kwamfutar, a saka Windows daga shafin Microsoft. Idan bayan an wanke ta ta sake neman a shiga da asusun wani kamfani, to har yanzu tana cikin rajistar wannan kamfani ta lambar jikinta, kamar yadda yake faruwa da kwamfutocin Chromebook na makarantu, kuma masu ita na farko ne kawai za su iya sakinta. A wannan hali ki mayar wa wanda ya sayar miki ya sauya ta. Kafin a kai ga duk wannan, a tabbatar ba a tagar baƙo (Guest) ko ta ɓoye (Incognito) ta Chrome ake gwadawa ba, domin a cikinsu ba a saka ekstenshan, haka kuma asusun yaro da yake ƙarƙashin Family Link, tsarin Google na sa ido kan yara, sai da amincewar iyaye.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Na buɗe Chrome Web Store a wayata ta Android domin in saka ekstenshan na fassara, amma ban ga wurin sakawa ba. Wani ya turo mini wata "Chrome ta musamman" ta WhatsApp ya ce ita tana karɓa.

Amsa: 'Yar'uwa, wayarki lafiyarta ƙalau. Chrome ta wayar Android ba ta karɓar ekstenshan, Opera Mini ma haka, don haka duk abin da aka turo miki da sunan Chrome ta musamman ba daga Google ya fito ba, kada ki saka shi. Idan ekstenshan kike so a waya, ki sauke Firefox daga Play Store, domin tun Disamban 2023 aka buɗe mata ɗaruruwan ekstenshan, masu iPhone kuma Safari tana karɓarsu ta App Store tun iOS 15 a 2021. Fassara kuwa ba ta ma buƙatar ekstenshan: ki danna ɗigo ukun da suke saman Chrome ta hannun dama, za ki ga zaɓin fassara shafi, kuma Hausa da Faransanci duk suna cikin harsunan da za ki iya zaɓa.